Sabulun Goggo Mai Kifi Biyu

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ranar da jandarma suka kwashe sabulun Goggo a kasuwar Cadakori ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina saurayi ɗan sassaƙa, ina ji da kaina.

Goggo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwarsa. Sana'arta sabulu, da toka da man gyaɗa take dafa shi, ta yanka shi gida huɗu. Wata rana na shiga Maraɗi na ga wani sabulun kamfani mai tambarin kifi biyu, mata na rububinsa. Da na dawo sai na sassaƙa hatimin icce mai irin kifin sak, na miƙa mata.

"Goggo, ki riƙa buga wanga, ado ne."

Ta yaba hannuna. Ban gaya mata inda na samo zanen ba, ita kuma ba ta shiga birni. Ciniki ya buɗe, ni kuma na ɗauka wayo na yi.

Ba mu yi wata uku ba, sai ga wakilin kamfanin da jandarma biyu ranar kasuwa. Suka tattara sabulun a buhu, mutane suka yi cirko-cirko suna kallo, aka ce gobe mu bayyana a buro, wato ofishin hukuma, a Maraɗi.

A buro, wani ma'aikaci mai tabarau ya jera sabulun Goggo da na kamfanin a kan tebur. Ya ce tambarin nan an yi masa rajista, na kamfanin ne shi kaɗai, wanda ya kwaikwaya kuwa tara ce, ko ma gidan kaso. Sai ya tambaya, "Wa ya sassaƙa hatimin?"

Kafin in motsa, Goggo ta ce, "Sabulun nawa ne, hannuna ya buga. Ni za ka tambaya."

Ta ɗauki sabulun biyu ta juya su, ta daɗe tana dubawa. Na zaci za ta yi kuka ko ta roƙe su. Sai ta dubi wakilin ta ce, "Malam, kana da gaskiya. Ban sani ba, amma matan da suka saya sun ɗauka naku ne. Ku na cuta, su ma na cuce su. Ku ba ni wuƙa."

Ɗaya daga cikin jandarman ya yi turus, ma'aikacin ya ce a ba ta. Nan ƙasa ta zauna, ta kankare kifin daga jikin sabulun ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ta miƙa musu hatimin ta ce su ƙone. Wakilin da ya zo da zafinsa ya ce ya janye ƙara, in dai za ta sa hannu ba za ta sake ba. Da aka dangwala babban yatsanta a takarda, ta tambayi amfanin haka. Ma'aikacin ya ce zanen yatsa ba wanda ke da irin na wani. Ta ce, "To, ashe ina da nawa tambarin."

Muka kama hanyar gida har muka wuce Tibiri. Sannan ta ce, "Kai da Allah ya ba hannu haka, mi ya kai ka sassaƙa abin wani?" Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Kasuwa ta gaba, da bakinta ta gaya wa duk wadda ta zo cewa na baya ba na kamfani ba ne. Wasu sun daina saye, ba ta damu ba. Ta koma danna yatsanta a kan kowane sabulu tun yana da ɗumi, har aka san shi da sabulu mai yatsa daga Cadakori zuwa Gidan Sori.

Yau na tsufa, na sassaƙa hatimai ba iyaka, amma duk wanda ya zo ya ce in yi masa irin na wane, sai in ce ya zauna mu nemo nasa. A wurin Goggo na koyi cewa tambari suna ne, wanda ya ɗauki na wani hukuma za ta biyo shi. Na kuma koyi cewa in kuskure ya fito, ka tsaya ka amsa shi da bakinka, kada ka bari wani ya amsa maka.