Labo da Hurar Sabon Hatsi

Labo na garin Bazaga mai amalanken jaki ne, dogon wuya gare shi da gajeren haƙuri. Tun yana saurayi yake kai hatsi da wake kasuwar Konni, kuma duk wanda ya hau amalankensa sai ya sha labarin ƙanensa Tanimun, ko ya so ko bai so ba.

Abin da ke ci masa rai ba gona ba ce, ba awaki ba. Inna ce, mahaifiyarsu. Kakanninsu Azna ne masu tsafi, kuma ko da gidan ya kama salla tun tuni, abu guda Inna ta ƙi saki: in kaka ta yi, ba a taɓa sabon hatsi sai an yanko zangarniyar farko an rataye a bakin rumbu, a dama hura, a zuba ludayi guda a ƙasa don magabata, sannan ta sha ta sa wa gonar albarka. Labo ya taɓa cewa a majalisa wannan arnanci ne. Tanimun kuwa ya ci gaba da yi wa Inna yadda take so. Tun daga nan duk kaka gidan Tanimun Inna ke shan hurarta, Labo kuma yana bayan zana yana jin dariyarsu, wuyan nan ya ƙara tsawo.

"Ni ne babba fa!" ya ce wa matarsa Bilkisu.

"Kai ka ce arnanci ne, Malam."

"Na ce! Amma na ce ta daina zuwa gidana?"

Bana ya rantse sai ya riga Tanimun. Sai dai yawon amalanke ya sa ya makara da shuka, hatsinsa ko ido bai cika ba, na ƙanen kuwa ya nuna har yana sunkuyawa. Ranar kasuwa da hantsi, gari ya watse, Labo ya ratsa gonar Tanimun ya yanko dami ƙarami ya lulluɓe da buhu. Ya rataye zangarniya mafi tsawo a rumbunsa, Bilkisu ta daka sauran tana tsaki, shi kuma ya ɗauko Inna a amalanke, har da shimfiɗa mata tabarma.

Inna ta dubi zangarniyar, ta dubi Labo. Ta zuba ludayinta a ƙasa, ta kurɓa, sannan ta ɗaga hannu: "Allah shi yi wa gonar Tanimun albarka, shi cika rumbun Tanimun..."

"Inna, Labo! Gidan Labo kike!"

"Na san gidan da nike, ɗan nan. Ta gefen gonarka ka biyo da ni, tsanwa shar take. Albarkar ga gonar da aka yanko take bi. Aika a kira mai hatsi."

Tanimun ya zo, ya zauna a tabarmar yayansa, ya shanye ƙwarya guda ya siɗe baki. "Yaya, wallahi hannun Bilkisu ya fi na gidana. Baɗi ma nan za mu yi?"

Labo ya ce, "To Inna, nawa fa in ya nuna?"

"Sabon hatsi sau guda ake buɗe shi a shekara," in ji ta, ta miƙa masa ƙwaryar. "Ƙaro wa ƙanenka."