Gurasar rantsuwa ta Inna Wulfrun

Shekara ashirin da takwas mahaifiyata Wulfrun tana gasa wa Bishop Tidulf gurasar rantsuwa. Ta sha'ir ce, ba gishiri, ba mai, busasshiya ƙamas. Wanda ake tuhuma zai haɗiye ta a coci gaban jama'a. In ta wuce ya kuɓuta, in ta maƙale sai igiyar rataya. Mutum bakwai Inna ta ga ta maƙale musu.

Ranan sai maƙwabcinmu ya ce Baba ya sace masa bijimi, aka ce sai ya haɗiyi gurasar. Baban da ko kaza ba ya iya kamawa! Amma matsoraci ne na ƙin ƙarawa, ko kare ya yi haushi sai bakin Baba ya bushe.

Ina tsaye Inna ke kwaɓa garin.

"Ke, rufe ƙofar nan," ta ce mini.

Ta ɗebo man shanu ta cusa a ƙullun.

"Inna, Allah fa yana gani."

"Na sani. Yi mini shiru."

Muka je coci. Baba ya tauna, ya tauna, ido ya firfito, can dai ya haɗiye. Bishop, tsoho ne dogo mai ƙarancin magana, ya ɗauki ɓarɓashin ya murza, ya dubi yatsunsa suna maiƙo. Ya aika a kira Inna. Ta zo ta tsaya gabansa.

"Wulfrun, wa ya koya miki wannan kwaɓin?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Sai ya ce mata:

"Daga yau haka za ki riƙa yi wa kowa."

Shekara tara ya ƙara a duniya, gurasar ba ta sake maƙale wa kowa ba. Da ya rasu aka ce waliyyi ne, albarkarsa ce ta gyara zukatan gari. Har yau masu ciwon maƙogwaro na zuwa kabarinsa, ni kuwa ba na ce musu uffan.

Inna ba ta taɓa samun sukuni ba. Ni na zaci man shanun ke ba ta tsoro, har ranar da ta kwanta ciwon ajali na ce mata Allah zai yafe.

"Ba man da na sa ba ne, 'yar nan," ta ce, ta ƙanƙame hannuna. "Mutum bakwai ɗin nan da ban sa musu ba, me zan ce da su?"