Tofin Gwaggo a Kan Reshena

Ni ba wanda ya koya min. Mutumin da ke zagayawa da jama'a daji ran Asabar an sallame shi a shekarun da ake ta rage ma'aikata, library ɗin unguwarmu kuma ta koma kwana uku a sati. A kwana ukun nan na cinye littafin naman kaza guda. A ƙarshensa na ga hoton wani reshe da farin gashi, na ce wallahi sai na gan shi da idona.

Hunturu biyu ina nema. Da na idar da asuba sai in hau bas daga unguwarmu ta Small Heath, in je daji ina juya ruɓaɓɓun rassa. Abin fa ba ko'ina yake fita ba. Sai reshen ya mutu, ɓawonsa ya saɓule, ya sha ruwa, kuma akwai wata funfuna a cikinsa. In ruwa ya soma daskarewa ba iska, sai na cikin itacen ya fito siriri-siriri, ya lanƙwasa kamar furfurar da aka taje. Daskararriyar raɓa kan komai take zuba kamar gishiri, shi kuwa a reshe ɗaya tak.

Ranar da na same shi, a kular tuwon Umma na sako shi don kar ya narke. A bayan gida na buɗe ina kwala kira. Gwaggo, yayar Baba, ta zo mana hutu daga Cheetham Hill ta Manchester, ita ta fara leƙawa.

"Ke 'yar nan, gashin wa kika kwaso mana?"

"Ƙanƙara ce, Gwaggo."

"Ƙanƙara har da tsaga? Duk daɗewata a ƙasar nan ban taɓa ganin ƙanƙarar da ke jiran kitso ba."

Kafin in yi magana ta karanta Falaƙi da Nasi, ta sunkuya ta tofa sau uku. Ɗumin bakinta na sauka, gashin ya kwanta, ya zama ruwa. Hunturu biyu!

Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Ya gudu."

Umma ta ce, "Daga yau ke da dajin nan sai a hoto. Ki fitar min da itacen nan."

Ban fitar ba. Na san funfunar tana nan da ranta, tofi bai taɓa ta ba. Na jiƙa reshen a bokiti, na ɗora shi kan murfin bin ɗin shara. Kwana huɗu ana yayyafi, ba sanyin kirki. Kullum Gwaggo sai ta ce, "Professor, mutumin naki bai dawo daga holiday ba?" Ni dai in ƙara masa ruwa.

Ranar da za ta koma Manchester, na leƙa da sassafe. An kwana ana sanyi, gashin ya fito, har ya fi na farko tsawo.

Na jawo Umma da hijabin sallarta. "Umma, don Allah ki hura. Kar ki karanta komai, hurawa kawai, kamar shayi ya yi zafi."

"Ke ba kya gajiya ne?"

"Just once, Umma."

Ta hura gefe ɗaya. Gefen ya narke, ɗayan yana nan tsaye. Ta sake matsawa ta hura ragowar a hankali tana kallo.

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce, "Ai albarkar addu'ata ce ta rage masa ƙarfi."

"Gwaggo, gobe ma in an yi sanyi zai dawo. Zan turo miki hoton."

"Kar ki turo min!"

Na ce, "Umma, Asabar zan koma dajin."

Ta share hancinta da ya yi ja, ta juya ciki. "Ki sa safar hannu. Kuma kulata ki bar min ita, ki nemi taki."