Kakar da Aka Hana Tsokana

Ba mu da murhu a Silver Spring, can ƙasar Turawa. Hita ce ta lantarki mai jan ido, wadda Baba ya saya saboda ɗumin gidan ba ya isa ƙashin Kaka Dije. Mahaifiyarsa ce, ya ɗauko ta daga Katsina don a duba mata gwiwa, ta zauna da mu a hawa na shida. Da an idar da magariba sai ta ja kujera gaban hitar, ta miƙe ƙafafu cikin safar Baba, ni da ƙanena Bashir mu baje a kafet. Baba na wajen aiki a gidan rediyo, Mama na kicin tana jin mu.

Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta zage mu tas. Ni ne mai kunnen faranti. Bashir kuwa shi ne mijinta.

"Kai mijina mai kan tulu, ina cefanen yau? Wannan miji da ko gishiri bai iya saya ba, gobe zan kai ƙararka."

Bashir, da yake ajin farko na firamare, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Sai ya kumbura baki, ita kuma ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Daga nan ta ce, "Ga ta nan ta taho da sanyi a bayanta," mu ce ta shigo ta ji ɗumi.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani mutum mai dogon wuya. Duk garin tsokanarsa ake yi. Mata su ce ya leƙa musu ko hadari ya taso, abokai su faɗo gidansa ba sallama, su cinye masa tuwo suna yi masa waƙa. Abin ya ishe shi, ya je wurin wani aljani a gindin tsamiya ya roƙi a rufe bakin mutane. Aljani ya ce an gama. Washegari kowa ya gan shi sai ya rusuna, "Ranka ya daɗe." Ya ji daɗi ƙwarai. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ko magana ba ya iyawa. Abokai suka zo ƙofar gida suka yi sallama, suka tsaya jiran izini. Ba a amsa ba, suka koma cikin ladabi. Haka suka yi ta zuwa suna komawa, shi kuma yana ciki yana jin takunsu, ga randa a gabansa ba mai ɗebo masa ruwa.

"Ya mutu?" na tambaya.

"Wa ya sani? Ai ba wanda ya shiga ya duba. Ta ƙare, na ɗora ta a kan tulun mijina."

Wata rana malamar su Bashir ta ce kowa ya zana iyalinsa. Ya zana Kaka da hitarta. Da aka tambaye shi wace ce, ya faɗi gaskiyarsa: kakarsa ce, tana cewa shi mijinta ne, kuma kullum sai ta ce kansa ƙato ne. Makarantar ta kira Baba. Ya je ya zauna gaban mata biyu masu fuskar tausayi, yana neman Turancin da zai bayyana wasan kaka da jika, cewa a wurinmu kakar da ba ta tsokanar jikanta ita ce abar tambaya. Suka saurare shi, suka ce za su ci gaba da lura da yaron. Baba ya dawo jikinsa a sanyaye, don a lokacin takardunmu na zama ba su kammala ba.

Na ji shi yana yi wa Kaka magana a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, don Allah a rage wasan nan. Ƙasar ba irin tamu ba ce."

Ta ce, "To, Malam. Ba zan jawo maka ba."

Ba ragewa ta yi ba, dainawa ta yi. Da yamma ta ce, "Sannu Bashir, ya makaranta?" Ya tsaya yana jiran sauran, sauran bai zo ba. Tatsuniyoyin ma suka gajarce, kamar miyar da aka manta gishiri. Bashir ya riƙa tura mata kansa kusa da gwiwa ko za ta tanka, sai dai ta shafa ta ce Allah ya yi albarka. Da zafi ya shigo ta koma Katsina, ba ta sake dawowa ba. Har yau abin yana ci mini rai, don ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Yaro gaskiya ya faɗa, malamai aikinsu suka yi, Baba tsoro ya ji.

Na girma, na zama mai harhaɗa magunguna a Annandale, inda na haɗu da wani abokin aiki ɗan Ireland. Makonnin farko ladabi kawai yake yi mini. Ranar da na zo da sabon aski ya dube ni ya tambaya ko da injin yankan ciyawa aka yi, ya ƙara da cewa in kai wanzamin kotu. Da ya ga na ɗaure fuska sai ya ce su a can suna kiran abin slagging, Ingilawa kuma su ce taking the mick, kuma ba a yi wa baƙo. "In ka ga muna yi maka ladabi, ba mu yarda da kai ba tukuna." Na yi dariya, amma da na shiga mota na daɗe ban tayar da ita ba. Ashe har Turawa akwai masu wannan wasa, mu ne dai muka faɗo inda ba a san shi ba.

Yanzu ina da ɗa, Sadiq, Mama ce kakarsa. Kansa ya fi na Bashir girma, abin tsokana a shirye. Ran Lahadi ta zo mana, ta rungume shi tana ce masa yaron kirki. Na ce, "Mama, ki ɗan taɓa shi mana. Ai mijinki ne."

Ta dubi kan nan nasa, na ga maganar ta zo mata har baki, idonta ya yi haske. Sai ta haɗiye, ta gyara masa wuyan riga.

"Bar shi," ta ce. "Gobe akwai makaranta."