Kalilu da Kamfanin da Bai San da Zamansa Ba

Duk wanda ya taɓa kai matacciyar kwamfuta gyara a Lafia, da wuya a ce bai san shagon Kalilu ba. Siriri ne mai tabarau, ba ya son hayaniya. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna, mahaifinsa kuma gyaran rediyo da agogo ya yi har ya rasu. A gaban uban ya koyi kwance abu ya mayar da shi yadda yake, a nan kuma ya ɗauko ɗabi'ar da ta zo ta cuce shi. A kasuwarsu ba a hulɗa da wanda ba shi da uban gida. Baƙo in ya zo da kaya, tambayar farko ita ce wa ya tsaya masa. Babban mutum kuwa in ya ce na tsaya masa, magana ta ƙare, ba takarda ba sa hannu, kuma ba a janyewa.

Da ya koma gyaran kwamfuta, tsofaffin tokumbo, wato gwanjon ƙasar waje, su ne suka fi zuwa hannunsa, masu nishi kafin su tashi. Sai ya gano Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, wadda ake bayarwa kyauta kuma kowa na da ikon buɗe cikinta ya gyara. Tsohuwar na'ura in aka sa mata, sai ta miƙe kamar an ba ta magani. Iri-iri ce, amma biyu suka tsaya masa a rai. Ɗaya 'yan sa-kai ne ke kula da ita, mutane warwatse a duniya, ba shugaba ba ofis. Ɗayar kuma wani babban kamfanin ƙasar waje ne ke biyan injiniyoyinta albashi. Kalilu bai ɓata lokaci ba, ya zaɓi mai uban gida.

A lokacin ne Madam Hembadoon ta neme shi. Tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar ƙabilar Tibi, da ta yi ritaya ta buɗe sakandare a Shabu, kusa da Lafia. Cocinsu ya ba ta tsofaffin kwamfutoci ashirin da biyu, ita kuma burinta ɗaya ne: 'ya'yan manoman doyan da take koyarwa su saba da na'ura kafin jarrabawar shiga jami'a, tunda yanzu a kwamfuta ake yin ta.

"Malam Kalilu," in ji ta, "wannan abin kyauta ni ina tsoron shi fa. In ya lalace gobe, wa zan kama? I no wan wahala."

"Madam, kamfani ne babba ya tsaya masa. Ni kuma na tsaya miki. Ni za ki kama."

"To riƙe makulli. In ya mutu, kunnenka zan ja, ko gemu ya fito maka."

Shekara shida abin yana tafiya lafiya lau. Kowace Asabar zai hau mashin ya tafi Shabu, ya buɗe ɗakin da makullinsa, ya duba na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Madam ba ta barin sa ya dawo hannu biyu, in ba doya ba to lemo. A taron iyaye ta kan nuna shi ta ce ga mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Wannan shaidar ta fi masa komai a duniya.

Wata Talata yana shago ya ga sanarwa a shafin kamfanin. Sun canza shugabanni, sun ce nan da wata shida za su daina aiko da gyara da sabuntawa ga tsofaffin na'urori, za su mayar da hankali kan manyan abokan ciniki irin su bankuna. Layi kaɗan ne da Turanci, a ƙarshe har da godiya ga "al'ummarmu". Al'umma! Mutane irin Kalilu ne suka yi ta yawo da sunan abin nan lungu-lungu, suna sa wa jama'a, suna aika rahoton matsala ba ko sisi, har ya yi sunan da bankunan suka gan shi. Da aka tashi juya baya, ko sallama ta kirki ba a yi musu ba. Masu cewa ai kyauta ne, ba su da bakin ƙorafi, su je su faɗa wa yaran Shabu haka.

Amma gaskiya ɗaya ce, Kalilu ma ya yi nasa wautar. Abin da ya kamata shi ne washegari ya hau mashin ya gaya wa Madam, ya fara mayar da na'urorin kan manhajar 'yan sa-kai biyu-biyu duk Asabar, kafin wata uku ya gama. Sai ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasiƙa ta imel. Ya fara da gaisuwa, ya yi musu fatan alheri, ya ba su labarin makarantar, ya roƙe su su duba. Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta shigo, irin wadda na'ura ke aika wa kowa, cewa an karɓi saƙonsa kuma yana da muhimmanci a wurinsu. Ya buga ta a takarda ya kai gida.

Matarsa Zuwairatu ta juya takardar gaba da baya. "Baban Mahir, ka gaya wa matar nan?"

"Sai sun yanke magana. Ba a tsallake uban gida a tafi wurin wani yana cikin duba lamarinka. Rashin kunya ne."

"Wane uban gida? Ya san kalar fuskarka? Ya zo sunan Mahir? Da Baba ya rasu ya aiko da gaisuwa?"

"Ke ba ki san harkar nan ba."

"Ban sani ba. Amma na san wanda ya ba ka makulli, kuma ba Bature ba ne."

Ya sake rubutawa sau uku. Kowace Asabar yana zuwa Shabu, ya karɓi doyarsa, Madam ta tambaye shi ya yaranta na ƙarfe, ya ce lafiya ƙalau. Kunya ce ke cin sa, don shi ya buga ƙirji ya ce kamfani ya tsaya, kuma kullum gani yake gobe amsar kirki za ta zo, ya huta da faɗa.

Saura sati uku jarrabawa, shafin da yaran ke gwaji a kai ya ƙi buɗewa. Manhajar shiga intanet ɗin ta tsufa, sabuwa kuma ta daina zuwa. Duk ashirin da biyun, rana ɗaya. Madam ta kira shi ya zo, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya faɗi komai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata bakwai, Madam."

Ba ta ɗaga murya ba. Kujerar yara ta jawo ta zauna. "Wata bakwai kana zuwa nan, kana cin abincina, kana ce mani lafiya?"

Ya ce zai gyara, kuma ya yi ƙoƙari. Ya rufe shago ya tare a Shabu. Na'urar farko da ya sa wa manhajar 'yan sa-kai ta tashi garau, shafin ya buɗe nan take, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Sai dai wuta tana zuwa tana ɗaukewa, sabis yana ja da ƙyar, kowace na'ura da irin taurin kanta. Takwas ya gama kafin satin jarrabawa. Yara sittin da ɗaya suka yi ta layi a kan takwas ɗin, wasu ko sau uku ba su zauna ba. Da sakamako ya fito bai yi kyau ba, iyaye da yawa suka kwashe ƙannen suka kai wata makaranta.

Ya koma don ya ƙarasa sauran goma sha huɗun, ya tarar da Madam a bakin ƙofa.

"Kamfani ban san shi ba, Malam Kalilu, ba zan yi fushi da shi ba. Kai na sani. Ka bar shi haka, na samu wani."

Ya miƙa mata makullin da ta buɗe hannu tana jira, ya tada mashin.

Wani mai gyara, Oliver, shi ya ƙarasa aikin, da manhajar nan ta 'yan sa-kai, kwana tara kacal da wuta ta daidaita. Na'urorin suna aiki har yau. Kalilu yana nan a shagonsa, gashi ya fara fari, hannunsa bai rage kyau ba. Shekara biyu ke nan in aiki ya taso ta wajen Shabu sai ya ce a nemi wani. Da babbar 'yar Madam ta yi aure bara, a bakin wani kwastoma ya ji.