Itacen Banza a Tukubar Baba

A shekarar da aka sassare bishiyoyin bakin titi don faɗaɗa hanya ne ƙafar Baba ta kumbura, ya kasa fita tukubarsa ta balangu a Abakwa. Tun kafin a haife ni yake gashi a wurin, kuma masu sayen namansa su ne abincin gidanmu. Yayanmu, wanda ya gama karatu yana zaman jiran aikin ofis, shi ya ce zai riƙe tukubar. To, madalla.

Ni ke ware wa Baba itace a tsakar gida tun ina yarinya. Marke gefe guda, don garwashinsa na daɗewa kuma hayaƙinsa ba ya ɓata nama. Kirya a ajiye ta sai ranar ciniki mai yawa. Yaya kuwa ko gatari bai taɓa ɗagawa ba.

Sai ga shi ran nan da mota shaƙe da itace, ya tsinto kyauta a unguwar Doka cikin bishiyoyin da aka sassare, yana taku kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na zagaya tulin, na ɓantari ɓawo na sunsuna, takaici ya kama ni. Malaina ce rabi, fara fat, sharkaf da ruwa, wadda ko ta bushe toka kawai take bari. Ga itacen turare mai warin man zafi. Ga darbejiya, ɗanya shataf, wadda ɗacinta ke bin hayaƙi ya shige nama. Ɗan mangwaron da ke ciki da an bar shi ya sha rana, da ya yi. Gungume ɗaya tak na kirki na gani, na tsamiya, shi kuma gwanin ya ture shi gefe wai ya yi tauri, zai riƙa zama a kai.

Na gaya masa. Ya ce duk itace sunansa itace, nama bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, in koma in daka yajina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja bakina na tsuke, na ce a zuci bari mu ga iyakar ilimin.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai yaji tukuba. Hayaƙi fari ya turnuƙe wurin, Yaya na fifita yana hawaye, naman ya yi baƙi a waje, ciki da jini. Wani dattijon tela daga Unguwar Sarki, wanda bai taɓa tsallake Juma'a ba, ya karɓi ɗanɗano. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ce a gaishe da mai jiki, sannan ya tsallaka titi wurin wani mai nama. Wallahi daɗi na ji. Haka suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kwana takwas, ni ina kallo.

Yaya ya dawo da kwantai gida yana zagin mahauta, har da cewa yajina ne ya lalace. Baba na kwance a tabarma, ya miƙo hannu a ba shi yanka ɗaya. Ya tauna a hankali.

"Darbejiya," ya ce. "Da turare. Ɗanyu kuma."

Na gyara tsayuwa ina jiran a wanke Yaya tas. Sai Baba ya juyo wajena.

"Ke kin ga itacen?"

"Na gani, Baba. Tun ranar farko na faɗa masa."

"Shi bai sani ba. Ke da kika sani, ɗakina nisa ya yi miki?"

Da ƙafar ta sace Baba ya koma tukuba da markensa, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Telan nan har ya rasu a tsallaken titi yake sayen namansa.