Kwalaben Yaya Habibu

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Habibu makwancinsa a Bebeji, kuma har yau ban daina jin kunyarsa ba.

Aikinsa binciken halittun ƙasan teku ne, can inda hasken rana ba ya kaiwa. Yakan ce da wuya ido ya ga wa ke cin wa a wannan duhu, amma duk abin da kifi ya ci yana barin alamar sinadari a tsokarsa. In an auna tsokar, sai a gane ko ɓurɓushin da ke zubowa daga sama yake ci, ko 'yan'uwansa kifaye. Ni manomi, nakan tsokane shi da cewa ko iyo bai iya ba.

Da ciwo ya dawo da shi gida, ya kasa zama haka. Ya riƙa zuwa bakin dam ɗin Tiga yana roƙon masunta 'yar tsoka daga gadon bayan karfasa da tarwaɗa. Ya busar, ya daka, ya ɗura a ƙananan kwalabe, kowace da rubutu a jiki. Sai aka yi rashin sa'a, a shekarar kamun kifi ya yi ƙasa. Garin nama a kwalba, ga rubutu, nan da nan aka ce asiri ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, masunta suka cika ƙofar gidanmu, wasu riƙe da gora. Shi yana ɗaki a kwance. Babbansu ya dube ni ya ce, "Malam Isa, kai namu ne. Tsakaninka da Allah, yayanka bai ɗaure mana ruwa ba?"

Na san amsar sarai. Amma na ga gorar nan, ga 'ya'yana a tsakar gida. Na ce, "Ni dai ban san abin da yake yi da su ba."

Tagarsa a buɗe take. Ya lallaɓo da kansa ya miƙa musu kwalaben, suka farfashe su a gabansa. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Bana na ga wata ɗalibar jami'a tana irin aikin nan a bakin dam, matasan masunta ne ma ke yanko mata tsokar. Da yana raye, na san zama zai yi kusa da ita yana gyara mata riƙon wuƙa. Amma dattawan wurin har gobe "mai ɗaure ruwa" suke ce masa, da wannan sunan kuma 'ya'yansa suka tashi.

To, waɗanda suka tsaya a ƙofarmu ranar, ku ji: Yaya Habibu bai ɗaure ruwan kowa ba. Na san haka lokacin da kuka tambaye ni, tsoro ne ya sa na yi muku ƙarya.